Bayani a Kan Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi Bayan an Sake Mata Kanel

Daga cikin jarrabawowin da kan sami ɗalibin ilmin kwamfuta a farkon nemansa, kaɗan ne suka kai wannan tayar da hankali: ya kwana yana gyara ƙwayar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa ta cinya, ya gama da asuba yana murna, ya kashe ya sake kunnawa domin ya ga amfanin wahalarsa, sai fuskar na'urar ta yi baƙi ƙirin, ko kuwa ta cika da rubutun da bai taɓa gani ba, ta tsaya cik. Idan abin ya faru a Maraɗi ko Damagaram, da sauƙi, domin ba a rasa malami ko abokin karatu da za a kai wa kuka. Amma a ɗauka ɗalibin nan na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne, ya zo hutu gida Maijirgi, garin nan da ke gabas da Tasawa a kan babbar hanyar Damagaram. Ba shi da kwamfuta ta biyu, reso yana zuwa yana ɗaukewa, kuma duk rubutun da ya tara na shekara yana cikin wannan baƙin allo. A irin wannan hali babu mai gyara sai shi kansa, kuma abin da zai fisshe shi bai wuce ya san yadda na'urar take tashi daki-daki ba, domin ya gane a wane mataki ta tsaya.

Kanel dai shi ne ƙwayar manhajar gudanarwa, wato ɓangaren da yake tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji, shi yake raba lokacin furosesa tsakanin ayyuka, shi yake kasafta ram, shi kuma yake magana da faifan ajiya da madannai da allo ta hanyar ƙananan shirye-shirye da masu sana'ar suke kira direbobi. Na Windows a rufe yake, kamfanin Microsoft kaɗai yake taɓa shi. Na Linux kuwa, wanda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya sanar da shi a watan Agusta na 1991, a buɗe yake ga kowa, kuma tun 1992 yake ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya halatta wa kowane mutum ya karanta matanin, ya sauya shi, ya raba wa wasu, bisa sharaɗin kada ya ɓoye sauyin da ya yi idan ya raba. Fitowarsa ta farko ba ta wuce layi 10,000 da 'yan kai ba. Yau ya haura layi miliyan 30, kuma mafi yawansu direbobi ne. Duk ɗan kasuwar da ke riƙe da wayar Android a kasuwar Mayahi yana ɗauke da wannan kanel a aljihunsa, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba.

Da yake matanin a buɗe yake, mutum yana iya ɗauko shi ya gina nasa kanel ɗin, yana zaɓar abin da zai shiga da abin da za a bari. Umarnin make menuconfig yakan buɗe masa zaɓuɓɓuka dubbai, kuma a kan mafi yawansu hukunci uku ne: ya sa y, abin ya shiga cikin jikin kanel, ya sa m, abin ya zama modul, wato guntun da ake ajiyewa a faifai ana ɗauko shi lokacin buƙata, ko ya sa n, a bar shi gaba ɗaya. Abin da yake jan samari zuwa wannan aiki galibi shi ne tsohuwar kwamfutar gwanjo da aka sayo daga Kano ko Kwatano mai ƙaramin ram, da zaton cewa idan aka rage wa kanel kaya za ta yi gudu. A ganina wannan zato ya fi ƙarfin hujjarsa, domin modul ɗin da ba a ɗauko ba ba ya cin ram ko kaɗan, kuma nauyin da mutum yake ji yawanci daga manhajar shiga intanet yake da tsohon faifai mai juyawa. Sai dai akwai dalilai na gaskiya: wani yana da kayan da kanel ɗin da ya zo da manhajarsa bai san su ba, wani na'urarsa irin ta da ce mai bit 32, wadda manhajar Linux ta Debian 13 da ta fito a 2025 ta daina fitar mata da kanel, wani kuma neman ilmi kawai yake, wanda shi ma dalili ne da ba a raina shi.

Tashin kwamfuta silsila ce, kowane mataki yana miƙa al'amari ga na gaba da shi. Da zarar an danna maɓallin wuta, ƙaramar manhajar da ke cikin allon uwa, wadda ake kira Bayos tun zamanin kwamfutar IBM ta 1981, ko magajiyarta UEFI, ita take farkawa, ta duba ram da sauran kaya, ta nuna tambarin kamfanin da ya ƙera na'urar, sa'an nan ta nemo shirin da ake kira GRUB. Shi kuma GRUB ya ɗora abu biyu a cikin ram: kanel kansa, da wani ƙaramin ƙunshi mai suna initramfs, wanda yake ɗauke da direbobin da kanel zai buƙata kafin ya iya buɗe babban faifai. Bayan an buɗe faifan sai a tayar da shirin farko, wanda a manhajojin Linux na yanzu irin su Ubuntu da Debian da Fedora systemd ne, shi kuma ya tayar da sauran har a kai ga wurin rubuta kalmar sirri. Wanda ya riƙe wannan jeri ya sami rabin ganewar asalin illa, domin duk matakin da ya gani da idonsa ya wuce, to ya kuɓuta daga tuhuma.

Saboda haka idan an danna maɓalli ko tambarin kamfani bai bayyana ba, kanel ba shi da laifi, domin ba a ma iso gare shi ba. A duba caja da batir, a cire ram a goge a mayar. Kuma kada a ce wane irin haɗuwa ce wannan, na'ura ta lalace daidai ranar da aka taɓa kanel, domin ginin kanel aiki ne da yake sa furosesa ta yi gudu iya ƙarfinta na awoyi a tsohuwar na'ura, kuma idan aka yi shi a bazarar ƙasar Tasawa, lokacin da zafi kan haura digiri 40, a kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, an ɗora ta a kan katifa, ba abin mamaki ba ne ta kashe kanta a tsakiyar aiki. Haka nan wuta. Wannan yanki yana samun kuran ne ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma mutane ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kwamfutar gwanjo kuwa sau da yawa batirinta ya riga ya mutu, da an ɗauke wuta take mutuwa, kuma idan hakan ya faɗo daidai lokacin da ake rubuta initramfs, sai a bar fayil rabi da rabi, wanda sunansa yana nan a jeri amma cikinsa bai cika ba.

Idan kuwa tambari ya fito, abu na farko shi ne a tilasta wa GRUB ya nuna jerinsa, domin Ubuntu takan ɓoye shi: a riƙe maɓallin Shift a na'ura mai tsohon Bayos, ko a danna Esc a mai UEFI, daidai lokacin da tambarin yake ɓacewa. A ƙarƙashin layi na biyu na jerin, inda aka tara zaɓuɓɓukan ƙari, akwai tsofaffin kanel da ba a goge ba. A zaɓi wanda aka san yana aiki jiya. In ta tashi da shi, alhamdu lillahi, mas'alar ta sauka daga musiba ta koma darasi, domin an tabbatar faifai lafiya yake, fayiloli suna nan, illar tana cikin sabon saiti kaɗai.

Daga nan sai a sa sabon kanel ya faɗi abin da ke damunsa da bakinsa. A jerin GRUB a ɗora haske a kansa a danna harafin e, za a ga layin da ya fara da kalmar linux, a ƙarshensa akwai kalmomi biyu, quiet da splash, waɗanda aikinsu shi ne rufe wa kanel baki su sa hoto mai kyau a madadin bayaninsa. A goge su, a danna F10. Wannan gyara na tashi ɗaya ne kawai, ba ya zama, don haka babu abin tsoro a cikinsa. Amma akwai wani tarko a nan da ya keɓanci mutanen Nijar da sauran ƙasashen da aka fi amfani da madannai irin na Faransa: GRUB bai san da wannan tsari ba, yana karanta madannai da tsarin Amurka ne, ta yadda mutum zai danna A ya ga q, ya danna M ya ga waƙafi mai ɗigo, ya zaci na'urar ta ƙara haukacewa. Harafin m yana kan maɓallin waƙafi, kusa da N, alamar nan ta karkataccen layi kuwa tana kan maɓallin alamar motsin rai, lambobi kuma suna fita ba tare da an riƙe Shift ba. Idan rubutu ya zubo ya tsaya, a ɗauki hoton allon da waya, domin layuka goma na ƙarshe su ne shaidun da za a yi hukunci da su.

Saƙon da aka fi gani, wanda kusan duk wanda ya taɓa gina kanel ya ci karo da shi, yana farawa da Kernel panic, ya ci gaba da Unable to mount root fs on unknown-block, sa'an nan lambobi biyu a ƙarshe. Ma'anarsa kanel ya tashi lafiya, amma ya kasa buɗe faifan da sauran manhajar take ciki. Sababin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan hankali yake aiki. Mutum ya ga direban faifai a jerin zaɓuɓɓuka, AHCI idan faifan SATA ne, NVMe idan irin sabon siririn nan ne, ya ce bari in mai da shi modul don kanel ya yi sauƙi, sa'an nan ya manta bai gina initramfs ba, ko ya gina wanda babu direban a ciki. Modul kuwa a faifai ake ajiye shi, faifan kuma ba ya buɗuwa sai da modul ɗin. Daidai da mai gidan da ya kulle ɗaki da kwaɗo alhali makullin yana rataye a ƙusa a cikin ɗakin. Lambobin nan biyu na ƙarshe su ke bambanta illa da illa. Idan sifiri da sifiri ne, kanel bai ga faifan ba sam, direban na'urar ne babu, ko kuma an gaya masa sunan da bai iya warwarewa ba. Idan kuwa aka ga kamar 8 da 2, to ya ga faifan farko da yankinsa na biyu, abin da ya gagare shi shi ne karanta tsarin rubutun da ke ciki, wato an bar ext4 ko btrfs a waje. Akwai kuma wata daƙiƙar mas'ala da ke wahalar da masu ƙoƙarin tashi ba tare da initramfs ba: GRUB yakan ambaci faifai da doguwar lambarsa ta UUID, kanel shi kaɗai kuwa bai iya fassara ta ba, shirye-shiryen da ke cikin initramfs ne suke yi masa wannan hidima, shi abin da ya sani shi ne PARTUUID ko suna kai tsaye irin /dev/sda2. Magani dai ɗaya ne cikin biyu, ko a mai da direban faifai da na tsarin rubutu y, ko a koma tsohon kanel a gina wa sabon initramfs ɗinsa da update-initramfs a Ubuntu da Debian, dracut a Fedora.

Dangin wannan kuskure shi ne wanda umarnin make localmodconfig yake jawowa. Umarni ne mai amfani, wanda ya shiga kanel a 2009, yana duba modul ɗin da suke aiki a wannan sa'a ya kashe sauran, ginin da zai ci awoyi ya ragu ƙwarai. Aibinsa shi ne abin da ba a jona ba a lokacin bai san da shi ba: wanda bai soka kile ba, wato filash, sa'ad da ya ba da umarnin, yana iya tashi da kanel ɗin da ba ya karanta kile, kuma sai ranar da yake buƙatar kwashe fayilolinsa zai gane.

Baƙin allo marar rubutu wani babi ne dabam, kuma sau da yawa na'urar a raye take, allon ne kawai ba ya nunawa. A danna Caps Lock: in 'yar fitilarsa tana kunnuwa tana mutuwa bisa umarnin yatsa, kanel yana aiki; in kuwa tana ƙyaftawa da kanta ba a taɓa shi ba, a kwamfutoci da yawa wannan ita ce alamar kanel ya faɗi. A hali na farko a koma layin nan na GRUB a ƙara kalmar nomodeset, wadda take hana direban hoto karɓar allo. In hoto ya dawo, ko da manya-manyan haruffa ne marasa kyau, an kama mai laifi. Direbobin hoto, musamman amdgpu, suna buƙatar wasu fayiloli na kamfani da ke zaune a faifai, kuma wanda ya mai da direban y bai sa fayilolin a initramfs ba, direban zai neme su tun kafin a buɗe faifai ya rasa. A nan m ta fi y, saɓanin hukuncin da ya gabata, abin da ke nuna ba a haddace wa waɗannan haruffa ƙa'ida guda. Bayan an dawo ta tsohon kanel, umarnin journalctl -b -1 yakan nuna abin da aka rubuta a tashin da ya gabata, muddin dai an kai ga buɗe faifai kafin a faɗi.

Na'urorin da aka ƙera tun daga zamanin Windows 8, wato 2012, suna da wani mai gadi da ake kira Secure Boot, wanda ba ya barin kanel ya tashi sai da sa hannun da aka sani. Kanel ɗin Ubuntu yana da nasa isnadin: Microsoft ta sa hannu a kan wani ɗan shiri mai suna shim, shi kuma ya amince da sa hannun kamfanin Canonical. Wanda aka gina a ɗaki ba shi da ijazar kowa, sai GRUB ya ƙi shi da saƙon da ke ambaton signature. Ko a shiga saitin UEFI a kashe mai gadin, ko mutum ya ƙirƙiri makullinsa ya yi rajistarsa da mokutil ya sa wa kanel ɗinsa hannu.

Hali mafi tsanani shi ne na wanda ya goge tsohon kanel don neman fili, ko ya ba sabon suna iri ɗaya da tsohon har ya hau kansa. A nan sai da kile mai ɗauke da Linux wanda ake iya tashi da shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: fayil ɗin Ubuntu na yanzu ya haura gigabait 5, sauke shi da datar waya a ƙauye azaba ce da hasarar kuɗi, ya kamata a ce an yi shi tun a Maraɗi an jefa a aljihun jaka. Ƙaramin faifan girka Debian bai kai gigabait ɗaya ba, kuma yana da sashen ceto. Da an tashi da kile, farillar farko ita ce a kwashe rubuce-rubuce da hotuna zuwa wani wuri, kafin a taɓa komai. Sa'an nan a ɗaura yankin faifan da manhajar take, a haɗa masa /dev da /proc da /sys, da yankin EFI in akwai, a shiga cikinsa da umarnin chroot, wanda yake sa mutum ya zama kamar yana zaune a cikin manhajar da ta ƙi tashi, a sake girka kanel na asali, a ba da update-grub. A duba kuma ko yankin /boot bai cika ba, domin modul ɗin da aka gina da bayanan bincike a jikinsu sukan kumbura initramfs ya kai ɗaruruwan megabait, abin da INSTALL_MOD_STRIP=1 yake hanawa lokacin girkawa. Ina jan kunnen mai karatu a kan fatawar da ake saurin bayarwa a rumfunan gyara, cewa sai an yi fomatin an zuba Windows. Mai rumfa yana faɗin abin da ya iya ne, kuma na'urar za ta tashi, amma da ita da rubutun shekara guda an yi sallama, alhali abin da ya ɓaci fayil biyu ne a cikin folda ɗaya.

Wanda yake son ya sake gwadawa, kuma ya kamata ya sake, kada ya fara daga farar takarda. Saitin kanel ɗin da yake aiki yana nan a /boot, a fayil ɗin da sunansa ya fara da config. Ya kwafe shi ya ba da make olddefconfig, ya sami tushen da aka tabbatar yana tashi. A cikin matanin kanel akwai ɗan shiri, scripts/diffconfig, mai jera bambancin saiti biyu layi-layi. In sauye-sauyen sun kai arba'in ba a san wanne ne ya yi ɓarna ba, a mayar da ashirin a gwada, a sake raba rabin da illar take ciki, gwaji shida ya isa a kai ga guda ɗaya. Ya ba kowane gini laƙabinsa ta LOCALVERSION don kada ya hau kan wani, kuma a Debian da Ubuntu ya gina shi da make bindeb-pkg, domin ya fito a ƙunshin da za a iya cirewa da umarni guda.

Saura abu ɗaya da ke rikita masu tsofaffin na'urori. A jikin allon uwa akwai ɗan batir mai kamar kwabo, galibi CR2032, wanda yake riƙe agogo da saitin Bayos. In ya mutu, kuma babban batir ma ya ƙare, saitin yakan koma yadda ya fito daga masana'anta, kuma a wasu na'urori hakan yana mayar da faifai daga AHCI zuwa RAID, sai tsoho da sabon kanel su ƙi tashi tare, ko ya sake kunna Secure Boot da aka kashe, sai sabon ya ƙi tashi. Alamarsa ita ce a shiga Bayos a tarar kwanan wata ya koma shekarun baya. A gyara saitin a adana, a nemi sabon batirin wurin masu gyaran agogo ko masu sayar da kayan waya a kasuwar Tasawa.